Ranar da Na Ƙoshar da Injin Maman Sauda

Jama'a, ku bar ni in numfasa tukuna. Shekaranjiya Talata na ga abin da ban taɓa gani ba a unguwarmu New Bell ta Duwala, inji aka kashe ya ce shi bai san zancen ba. Har yanzu kunnena na hagu bai dawo daidai ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Jafaru, haifaffen unguwar Hausawa. Shekara goma sha tara ina buga takardu a wani kamfanin jigilar kaya, har kiriz, wato karayar tattalin arziki, ta shigo, aka tara mu aka ce an kwamfirese mu, wato an kore mu da Faransanci mai daɗin ji. Tun daga ranar, abin da ke riƙe da gidana shi ne injin niƙan matata, Maman Sauda. Tsohon inji ne mai shan gazuwal, wato man dizal, yana cikin wata rumfar kwano a ƙofar gida. Matan da ke toya ƙosai da masu dama koko, daga layinmu har bakin kasuwar Marché Central, nan suke kawo markaɗe. Ranar da ya yi shiru, tukunyarmu ma shiru take yi.

Ita ke tayar da shi, ita ke kashe shi. Ni aikina sayo mai, tunda ni ne mai lokaci. Ran Litinin na ɗauki jarka na shiga layin gidan mai da sassafe. Muna tsaye rediyon wani mai bensikin, wato ɗan acaɓa, ya sanar da cewa Masu Girma Iyayenmu sun shawo kan matsalar mai gaba ɗaya. Muka dubi layin, layin ya dube mu. Kafin azahar sai ga baƙaƙen motoci bakwai, aka ture mu gefe aka cika su ɗaya bayan ɗaya. Ba direban da ya kashe motarsa, don kada sanyin ciki ya huce wa Mai Girma Babban Mai Sa Hannu, wanda ma ba ya ciki. Wannan shi ne tsari, Allah ya ƙara musu sanyi. Ni dai na samu rabin jarka.

Daga nan na biya wajen Yusufa don baƙin mai, saboda Maman Sauda ta ce lokacin juye ya yi, gwangwani huɗu cif. Yusufa Bakano ne, bai cika shekara biyu a Duwala ba, har yanzu hannunsa na gida ne. Ya auna huɗu, sannan ya ƙara kusan ɗaya da rabi a kai.

"Ga gyara, Musye Jafaru. Kai ai ɗan gida ne."

Na yi godiya har da dafa ƙirji. Da na iso gida na tarar Maman Sauda ta tafi barkar suna. Sai Shaiɗan ya ce da ni, Jafaru, kai da ka yi karatu har ka ci jarrabawar Nasara, juyen mai ne zai gagare ka? Na tuɓe riga, na kwance tsohon mai, na zuba huɗu, na tsaya da gyaran a hannu.

To ku faɗa mini tsakani da Allah, wa ke ware gyara? In an yi maka gyaran gero, buhu ɗaya yake shiga da sauran. Mu a gidanmu in baƙo ya ce ya ƙoshi, lokacin ake ƙara masa tuwo. Wannan inji shekara uku yana ciyar da mu, ni kuma in tsaya ina yi masa awo kamar marowaci? Na tuttula masa. Ɗan abin da ya rage na buɗe kwanon da ke ƙarƙashin matatar iska, wanda ake sa wa ɗan mai don ya kama ƙura, na cika shi fal. Sandar awon mai na gan ta sarai, ban zaro ta ba. Na goge hannu ina jin kaina wani babban injiniya.

Talata da hantsi mata suka jera bokitai, wake jiƙaƙƙe da masara. Maman Sauda ta juya hannun inji, ya tashi lafiya lau. Ni ina kan benci ina jiran ta lura da yadda muryarsa ta yi laushi, in ce ai aikina ne. Ba a yi minti goma ba muryar ta fara hawa. Ta hau, ta ƙara hawa, kwanon rumfa ya ɗauki rawa, wani hayaƙi fari mai shuɗi-shuɗi ya turnuƙe layin. Maman Sauda ta ja abin kashewa, ko a jikinsa. Ta rufe famfon gazuwal ruf, wallahi sai ya ƙara ihu.

"Aljanu ne! Na daɗe ina faɗa, tsamiyar can ba lafiya ba!" in ji Asibi mai ƙosai, tana gudu da bokiti a ka.

Idirisu tela ya leƙo ta taga ya ce, "Gazuwal ɗin zamani ne, Musye. Kananzir suke haɗawa."

Nan fa ya taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Na haye kan benci, cikin hayaƙi, na buɗe baki. Na ce ku gani da idonku, wannan aikin manya ne. Sun hana mu mai, ɗan wanda suka bari kuma sun gurɓata shi. Na ce, "C'est le pays qui est malade!" wato ƙasar ce ba lafiya. Har wani ya ce sai ka yi, Musye Jafaru. Matata na kuka tana zagaya injinta, ni ina jawabi.

Allah ya jeho Ɓoɓɓo, tsohon makaniken da ke tsallaken kwata, Bafulatanin Ngaundere. Ya shigo da gudu ba takalmi.

"An rufe gazuwal?"

"An rufe, Baffa!" in ji Maman Sauda.

"To ba gazuwal yake sha ba. A toshe masa hanci!"

Ya fizge matatar iska, bututun ya bayyana yana zuƙa. Na diro daga benci na ce yau ranar maza ce, na cire hulata na liƙa a bakin. Fuut! Ya haɗiye ta, ko tari bai yi ba.

"Kai, matsa! Ba a sa tsumma, ba a sa hannu!" Ɓoɓɓo ya ture ni, ya sure kujerar tsugunon Maman Sauda, ya kifa shafaffen gefen a bakin bututun, ya danne da ƙirjinsa. Injin ya shaƙe, ya yi wani ƙwas a cikinsa wanda ni ma da ban san komai ba na san ba alheri ba ne, sannan ya tsaya.

Ɓoɓɓo ya zauna a ƙasa ya huta, sannan ya fara bincike a hankali, jama'a sun kewaye shi. Ya ce injin gazuwal ba shi da fulogi, ba ruwansa da wuta. In ya sami iska da abin ƙonawa, ko mene ne, zai yi ta gudu har ya tarwatse. Ya ce da famfon allura mai tura masa gazuwal ne ya maƙale, da rufe gazuwal ya kashe shi. Ya shinshina jarkata ya ce wannan gazuwal ɗin lafiyarsa ƙalau.  Ya zura yatsa cikin bututun iska, ya fito da shi baƙi ƙirin yana ɗiga. Ya dubi kwanon matata, fal. Sai ya zaro sandar nan da na raina, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

"Man jikinsa yake sha. Wa ya yi masa juye?"

Na dubi tsamiya, ko aljanun Asibi za su taimaka su amsa. 

"Gyara ne, Baffa," na ce. "Yusufa ne ya yi mini gyara."

Idirisu ya janye kansa daga taga, amma ina jin dariyarsa ta bango. Maman Sauda ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dube ni kawai ta ce, "Baban Sauda, huɗu na ce maka." Na ji kunya irin wadda ban ji ba ko ranar da aka kore ni daga aiki.

Don in ɗan tsira da mutunci na ce wa Ɓoɓɓo, amma dai ka ga ishara. Ga Masu Girma can, an ce baitulmali ya ƙafe, an rufe famfo, an yanke albashi, su kuwa sai ƙara gudu suke, liyafa kan liyafa. Ashe man jikin ƙasa suke sha.

Ya ce, "Wannan kai da su. Naka dai ƙarfen fistin ya lanƙwashe."

Ya ce akwai sabo a ƙasar nan, yana cikin wani akwati a wani wuri yana jiran hatimi, wataƙila wata guda, wataƙila sai bayan Sallah. Ga wake bokiti tara a jiƙe, in ya kai la'asar ya yi tsami, matan kuma su koma injin bayan masallaci, ba lallai su dawo ba. Maman Sauda ta share hawaye, ta aro turmi biyu, ta ɗaura ɗamara. Na tsaya ina kallon bayanta yana sunkuyawa yana miƙewa, matar da ta bar daka tun shekara uku. A zubi na uku ta dafa ƙugu. Na je na karɓi taɓaryar, ta sakar mini.

Saboda haka, masu karatu, in kun bi ta layinmu kwanakin nan kun ji wani daka marar kan gado yana tashi daga bayan katanga, ku yi sallama daga waje ku wuce. Kada wanda ya leƙo, musamman Idirisu.