Faifan Habibu a Ranar Awali

A shekarun saba'in abokina Habibu, haifaffen Madina, ya dawo daga Ingila da faifan garmaho guda. Shi ne na farko da wasu samarin Turawa suka fitar, sun haɗa waƙoƙin kakanninsu na ƙauye da jita mai lantarki. Kaf Madina babu irinsa. Sai da na yi ta naci kafin ya ara min.

Ya ce, "Ya akhi, don Allah kada ka bar shi a mota."

Na yi dariya. "Ni ɗan Sakkwato za ka koya wa zafin rana?"

Na ajiye shi bayan gilashin mota, na shiga wata gonar dabino a unguwar Awali, nan Madina. Da na fito bayan la'asar, faifan ya lanƙwashe kamar akushi. Amma ban daddara ba, na ce dutsen guga zai miƙar da shi. Ina ɗora masa, gefe guda ya narke. Ko waƙa ɗaya ban ji ba.

Habibu bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Har yau in na je gidansa a unguwar Ƙurban, a cikin faifan ake kawo min dabino, ya turo gabana ya ce, "Tafaddal, ɗan Sakkwato."