Rasuwar Injin da Ya Sa Sakiusa Dariya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta girmi baƙin cikin da shekara talatin da shida, ni Isikeli, mai ɗaukar fim ɗin bukukuwa a ƙauyenmu na tsibirin Kadavu, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar injina na yanka zaren fim da liƙa shi. Ya cika ranar Talata da hantsi, a kan teburin ɗakin girki, a hannuna.

Marigayin bai fi tafin hannu biyu ba. Wani matuƙin jirgin ruwa ne ya bar mini shi a Suva, tare da kyamara da majigi, ya tafi bai nuna mini komai ba. Saboda haka marigayin ne kaɗai malamina. Ba shi da yawan magana. Idan wuƙarsa ta sauka a kan zare ya ce ƙyas, idan na danne liƙi ya ce taf. Bai taɓa yanka a karkace ba, bai kuma taɓa tambayata dalilin yankan ba.

Shi ya koya mini abin da nake gaya wa duk mai son fara wannan sana'a, wato fuska ita kaɗai ba ta cewa komai. Nuna mutum yana kallo, ka biyo da gasasshen kifi, kowa zai ce yunwa yake ji. Biyo wannan fuskar dai da jirgi yana barin gaɓa, za a ce kewa ce ta dame shi. Mai kallo ne ke haɗa su da kansa, sannan ya rantse da idonsa ya gani.

Ba zan yabi mamaci in ɓoye aikin da na sa shi ba.

Shekarar da Ratu Apenisa, sarkin ƙauyenmu, ya rasu, ni na ɗauki fim ɗin jana'izar. Sakiusa taubashina ne, ɗan kawuna, kuma tsakanin taubasai babu abin da ba a yi. Ya sha jefa ni cikin teku da kayan coci, yana kirana Ido Ɗaya saboda kyamara. Kwana uku bayan binnewar, alade ya kufce wa masu girki ya kayar da wani dattijo, Sakiusa ya yi dariya har da riƙe ciki, na ɗauka da kyamara. Da na zauna haɗa fim ɗin, sai na cire wurin da yake kuka a bakin kabari, na liƙa dariyar daidai inda ake saukar da akwatin. Ƙyas, taf. Niyyata in nuna wa abokanmu huɗu a wurin shan kava, jiƙon saiwar da muke sha a taro, mu tsokane shi, in mayar.

Sai matar marigayi sarki ta aiko a nuna fim ɗin ranar cikar kwana ɗari. Ina da mako guda na gyarawa, ban gyara ba. Na daɗe ina cewa mantuwa ce. Gaskiyar ita ce ban taɓa yin liƙin da ya zauna kamar wannan ba, kuma na so a gani.

Aka rufe tagogin zauren taro da tabarmi. Da wurin dariyar ya zo, kowa ya juya ya dubi Sakiusa. A lokacin Sakiusa ake shirin ba wa matsayin mai magana da yawun sabon sarki, wanda gidansu ke riƙewa. Aka ba ƙanensa. Tun daga ranar, can ƙarshen zaure yake zama, kusa da ƙofa, sai an gama da kowa ake miƙa masa ƙoƙon kava. Washegarin nuna fim ɗin ya same ni a bakin ruwa, na ɗauka duka zan sha. Sai ya ce:

"Ido Ɗaya, ni dai ban tuna na yi dariya a wurin ba. Amma tunda injinka ya gani, Allah ya yafe mini."

Bai sake jefa ni cikin teku ba.

Na yi shekaru ina juya maganar. Sakiusa ya yi dariya da gaske, an saukar da akwatin da gaske, kyamara ba ta ƙirƙiri komai ba. To ina ƙaryar take? Tana cikin liƙin, wurin da bai kai faɗin farce ba, kuma na fi so in ce aikin injin ne. Ina neman gafarar marigayin a kan wannan ƙazafi.

Ciwon ajalinsa tsatsa ce, irin wadda iskar teku ke sa wa kowane ƙarfe a nan. Matata Mereoni ta sha cewa in ba ta shi ta riƙa danne tabarma idan ta shanya, tunda ni da shi babu mai moriya. Ina hana ta, ina cewa akwai aiki ɗaya da ya rage mana. Ranar Talata, da na ji Sakiusa ya fara yawan kwanciya da ciwo, na sauko da shi don in mayar da abin da na cire. Na danna wuƙar, ba ta ce ƙyas ba. Ta karye.

Ya bar 'yar'uwarsa kyamara, wadda ta makance tuni, da majigi mai fama da tari, da gwangwanin biskit cike da guntayen da aka yanke. A cikinsu akwai ɗaya mai tsawon kamu biyu, inda Sakiusa ke kuka.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a zauren taro. Ba za a rufe tagogi ba. Zan shigo da damin saiwar kava na neman gafara, in zauna a ƙasa gaban Sakiusa, in faɗi abin da na yi da bakina, tunda babu sauran injin da zai faɗa a madadina. Za a zagaya da guntun zaren hannu zuwa hannu, kowa ya ɗaga shi saitin haske ya duba. Bayan haka za a binne marigayin a gindin kwakwar bayan gidana.

Idanun Sakiusa sun yi rauni, ba lalle ya iya gani ba. Ina roƙon duk wanda ya zauna kusa da shi ya gaya masa abin da ke ciki.