Rikodar da ta ɓata mini murya

Na sha wuya a kan rikodar nan. Takalmi na je nema kasuwar Konni, ƙafa ta yi ta yawo da ni shago-shago, sai ga ni na dawo gida Malbaza da tsohuwar na'urar ɗaukar murya. Shekara talatin ina tuƙa motar siminti ina waƙa, ban taɓa shakkar muryata ba.

Na rera, na kunna, na ji kamar bunsuru. Ko zama ban yi ba, na mai da ta shagon.

"Malam, kayanka ɓata murya suke."

Mai shagon ya ɗauki tasa muryar gaban jama'a, ta fito tas. Sannan ya kunna tawa.

"Alhaji, wannan gyaran ya fi ƙarfina."

Da safe na tada mota bakina rufe, amma labari ya riga ni isa wurin lodi. Direbobi suka tare ni: "Zabiya, baiti ɗaya mana."