Baturiyar Bayan Rumbu

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi mini ruƙiyya a bayan rumbun gidanmu na Bambeye ba, alhali lafiyata ƙalau.

Yayana Isuhu yana fataucin albasa a Kumasi, can ya auri Abena, wadda ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci, sai Ingilishi da yarensu. Da ya ce zai kawo ta gida Inna ta gan ta, sai hankalin Inna ya tashi, wai yaya za ta yi da surukar da ba za su ko gaisa ba. Ni kuwa da shegen cika baki na ce a bar mini, ai na yi Ingilishi a kwaleji. (Abin da ya rage mini daga kwalejin nan bai wuce ƙirga ɗaya zuwa goma ba.)

Na koma Tahoua inda nake aure, na sa wata manhajar koyon Ingilishi a wayata. Wata mata ce a ciki mai siririyar murya: ta faɗi magana, ka maimaita, in ka yi daidai ta ba ka kore, in ka kuskure ta ba ka ja. Ina kan keken ɗinkina ina shan ja har na fara jin haushinta. Sannu a hankali kore ya fara yawa, kai kuma ya fara kumbura.

Ana gobe baƙi za su iso, muka taru a Bambeye. Bayan la'asar na sulale bayan rumbu, don ban so kowa ya ga ina bita. Na toshe kunnuwa da 'yan ekutar nan na sauraron waya marasa igiya, na ɗaure kallabi a kai, waya kuma tana cikin zane a cinyata. Darasin ranar na sautin nan ne da sai ka sa harshe tsakanin haƙora ka hura iska. Na rufe ido, na zaro harshe, ina huci, ina maƙale murya, ina gyaɗa kai. Lokaci-lokaci in ce wa matar, “To na ji, sake faɗi.”

Ashe Gwaggo Tamo, ƙanwar babanmu, tana tsaye a kaina. An ce ta kira sunana har ta gaji, ban ko motsa ba.

Ban farga ba sai da ruwan tofi ya sauka a fuskata. Na buɗe ido na ga rabin gari. Mata biyu sun riƙe mini hannuwa, wata tana tura mini kaskon hayaƙi, liman ya soma karatu, mijina kuma yana gefe ya yi zuru-zuru. Na buɗe baki in ce su yi haƙuri, amma da yake harshe ya wuni a hanya ɗaya, sai ban-haƙurin ya fito da Ingilishi, da siririyar muryar nan sak.

“Kun jiya ko?” in ji Gwaggo. “Na ce muku Bature na ya hau ta.” Ta durƙusa a gabana cikin ladabi. “Bawan Allah, mi kaka so ga ɗiyagga? Tana da miji hwa.”

Da ƙyar na ƙwace hannu ɗaya, na ciro ekutar na sa mata a kunne don ta gane. Ta saurara, ta zabura, ta ce, “A'a, mace ta.”

Liman ne ya fara dariya, sauran suka bi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Kafin magariba sunana ya koma Baturiyar Bayan Rumbu, na kuma rantse ba zan sake buɗe baki da Ingilishi ba.

Washegari Abena ta iso. Yaya Isuhu ya wuce wajen maza, aka zaunar da ita a tabarma tsakiyar mata. Kowa na gaishe ta, ita kuwa kanta a ƙasa, tana murza bakin mayafi, idonta ya ciko. Inna na ta kallonta. Sai Gwaggo ta zungure ni: “Tashi, kira taki ta yi muna aiki.”

Na matsa kusa. Na yi mata maraba da Ingilishi, na ce nan gidanta ne, ga kuma uwarta. Ta ɗago kai da sauri ta damƙe hannuna. Ta fahimta, ba sai na maimaita ba. Ta ce in gaya wa Inna ta gode da ɗan da ta haifa mata, kuma ta daɗe tana tsoron ko ba za a so ta ba. Na juya maganar da Hausa. Inna ta jawo ta jikinta, suka yi ta kuka, ni ma na taya su. Ranar na yi alfahari da kaina, ba zan ɓoye ba.

Har gobe Gwaggo ba ta yarda cewa waya ce ba, cewa take dai an dace da aljana mai hankali. Ni kuma abin da na koya shi ne, in za ka zaro harshe kana huci a bayan rumbu, ka fara sanar da mutanen gida.