Alhaji Na Nan?

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren abokina Sani ba, kuma ko na so in manta, mutanen Gidan Rumji ba za su bar ni ba. Amma kafin in kai ku wurin, sai na fara ba ku labarin wani jirgin sama, domin shi ya ja mini. (Matata ta ce ba jirgi ba ne, rashin hankali ne. Ita ma za mu zo kanta.)

Sana'ata cajin waya ce da tura wa mutane bidiyo, a wata 'yar rumfa bakin kasuwa. Wata rana wani direba ya bar mini wayarsa in zuba masa waƙoƙi, sai na tarar da wani dogon bidiyo a ciki, na tseren jiragen sama a ƙasar Amirka. Ba irin manyan jiragen alhazai ba. Ƙanana ne, masu farfela a hanci, suna zagaya wasu dogayen turaku a cikin hamada, ƙasa-ƙasa kamar shaho ya hango ɗan tsako. Da Ingilishi ake bayani, ni kuwa ko Faransancin da na koya a lakol, wato makarantar boko, ya daɗe da guduwa ya bar ni. Sai na riƙe wani mushe, malamin lakol, da ke caji a wurina, na ce ba zan ba shi wayarsa ba sai ya fassara mini.

Ashe tsofaffin jiragen yaƙi ne, tun na yaƙin duniya na biyu. Da aka gama yaƙi aka yi gwanjonsu, masu abin hannu suka saya suna wasa da su. Akwai ɗaya da ya shiga raina, na sa masa suna Tsohon Soja. Wanda ya saye shi ya cire masa bindigogi da sulke, ya datse masa bakin fukafukai, ya rage gilashin da matuƙi ke leƙowa har ya koma kamar ƙoƙo, sannan ya ɗauko injin wani jirgin da ya fi shi girma ya dasa masa. Fitarsa ta farko bai gama tseren ba, inji ya yi hayaƙi ya sauka. Ta biyu ya zo a tsakiya. Aka koma da shi gareji aka ƙara rage masa kaya. Daga nan ya ci, ya sake ci. Wata shekara tayoyinsa suka ƙi fitowa, ya sauka a kan ciki yana tartsatsi, kowa ya ce Tsohon Soja ya gama yawo. Aka tattara shi aka sake haɗawa, ya dawo ya wuce waɗanda suka yi masa dariya.

Na haddace wannan tarihi yadda masoya kokowa ke lissafa waɗanda suka ɗauki takobi. A fadarmu ta hirar samari, da an ɗora butar shayi sai in fara, har ta kai in na ce "wata shekara" sai ka ga mutane sun tuna suna da aike. Kullum da magana ɗaya nake rufewa, wadda na ɗauka hikima ce: nauyi shi ne maƙiyin gudu.

Sani ne kaɗai ke tanka mini. Ya ce, "Kai kullum shekarun da ya ci kaka hwaɗa muna. Shekarun da ya yi kwance gareji fa, su wa za ya ba da labarinsu?"

Na ce masa hassada ce.

To, ina da wani tsohon moto, wato babur, da na gada wurin babana. Allah ya jiƙan tsoho, moton nan ya ɗauki buhunan gero da gujiya har ba adadi, bai taɓa yin gudun da ya wuce na jaki mai ƙoshi ba. Na dube shi wata safiya na ce, ai wannan ma tsohon soja ne, gyara kawai yake jira. Na tura shi wurin Ilu mai gyaran moto na ba da umarni. A cire kariyar baya da ake ɗaura kaya. A cire madubai, suna tare iska. A fere soson kujera. A yanke salansa. A cire matakan ƙafa na baya.

Ilu ya tsaya da sifana a hannu ya ce, "Wanga ƙarhen da ka ce in cire, nan na baya ka aza ƙahwa."

Na ce masa kimiyya ce, ba zai gane ba. Ya zuba duk abin da ya cire a cikin buhu, ya ɗaure baki, ya ce zai ajiye mini.

Moton ya fito tsirara, yana ƙara kamar injin niƙa uku a haɗe. Shi ma ya fara nasa tarihin tsere, ni da wani ɗan kabu-kabu mai suna Habu, wanda ke da sabon moto da bakin magana. Tserenmu na farko sarƙata ta tsinke. Murna na yi, domin haka Tsohon Soja ya fara. Na biyu Habu ya wuce ni yana cin rake. Na uku na ci. (Gaskiya ne mai ya ƙare masa a hanya, amma ko a Amirka wanda ya iso shi ake ba kofi.)

Yanzu ga inda maganar ta yi nauyi. Sani yana da ƙanin uba a Gazawa, Alhaji Mamman, dattijo mai ƙarancin magana. Alhaji yana da 'ya, Hadiza, ni kuma na mutu a kanta. Manyana sun je sau ɗaya neman izini, Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi zai duba hankalin yaron tukuna. Tun daga ranar nake neman inda zan nuna masa hankalin nan. Kuma da yake mahaifin Sani ya rasu, Alhaji ne waliyyin ango, ba a ɗaura aure sai da shi.

A garin amarya za a ɗaura, wani ƙauye da ke ƙetaren gulbi. Rani ne, gulbi ba ruwa sai rairayi. Hantsi ya yi, maza sun cika tabarmi a gindin bishiya, goro da dabino na gaban liman, amma babu Alhaji. Motar da ya shigo daga Gazawa ta tsaya lodi a kowane gari. Liman ya fara duban rana, domin ana jiransa a wani ɗaurin auren. Dangin amarya suka fara tari irin wanda ba na mura ba. Can sai waya ta shigo, Alhaji ya sauka a tashar Gidan Rumji, a zo a ɗauke shi.

Kafin a ce wa zai je, na miƙe. Sani ya kama hannuna ya ce, "Don Allah, sannu-sannu." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, yau zai ga amfanin kimiyya.

Na tarar da Alhaji a tasha cikin farar babbar riga. Na durƙusa na gaishe shi, idona a ƙasa. Ya amsa, sannan ya zagaya moton da ido.

"Yaro, ina aka aza ƙahwa?"

"Baba, ai ba nisa."

Ya tattara riga ya hau. Na ji yana lalube a baya yana neman kariya ya riƙe, babu. Wanda ba Bahaushe ba zai ce me ya hana shi riƙe ni? Dattijo kamar Alhaji ba zai rungumi ƙugun yaron da ke neman 'yarsa a tsakiyar tasha ba, ko da sama da ƙasa za su haɗe. Ni ma ba zan waiga in zuba wa surukina ido ba, balle in ce masa ya matso. Don haka ya ja can ƙarshen kujera ya zauna, ƙafafu na reto, ya riƙe mutuncinsa, domin shi kaɗai na bar masa ya riƙe.

Wallahi da hankali na fara. Har muka fita gari tafiyar babana nake yi, ina jin daɗi a raina cewa Alhaji na can baya yana auna natsuwata. Muna dab da gangaren gulbi sai ga Habu, an aike shi ɗauko ƙanƙarar biki, ya ɗaure ta a kariya. Ya zo daidai ni, ya dubi Alhaji, ya dube ni, ya ɗaga mini hannu irin na sai mun haɗu, ya wuce.

Nan shaiɗan ya zo mini da hujja. Ya ce ai rairayi ba a shigarsa a hankali, tsayawa ake yi. Ya ce liman na jira. Ya ce kuma a gaban surukinka ɗan ƙanƙara zai wuce ka? Na murɗa.

A gangaren akwai wani ɗan tudu. Moton ya yi tsalle ya dira a rairayi, ya yi 'yar rawa, na daidaita shi. Daga nan sai na ji abin da ban taɓa ji ba. Moton ya yi sakayau, ya miƙe kamar an kwance masa dabaibayi. Na ce a raina, Allahu akbar, inji ya buɗe. Abin da mushe ya ce yana faruwa da Tsohon Soja a zagayen ƙarshe, ga shi yau ya faru da ni. Har ƙwalla ta zo mini don farin ciki.

Na kamo Habu a tsakiyar gulbi na wuce shi. Na gan shi da gefen ido yana ihu yana nuna baya da hannu. Ban ji abin da yake cewa ba, salansar da na yanke ba ta barin a ji ko kiran salla. Na ɗauka cewa yake in koma baya inda na saba, sai na ɗaga masa hannu yadda ya ɗaga mini. Madubi babu. Waigawa kuwa rashin kunya ne. Har na sassauta murya na ce, "Baba, a yi haƙuri da ƙara, mun kusa." Da na ji shiru sai na ce, ka ji dattako.

Na shigo garin yara na bina da gudu. Na tsaya daidai gaban tabarmi, na kashe inji, na karkata moton don a ji daɗin sauka, na sunkuyar da kai cikin ladabi, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Baba, mun iso. A sauka sannu."

Na jira. Ba motsi. Na ƙara karkata moton. Wurin ya yi tsit, har ina jin injin yana ƙyas-ƙyas yana hucewa.

Liman ya gyara zama ya ce, "Yaro, da wa kaka magana?"

Sai a lokacin na waiga. Kujera fayau.

Wani tsoho daga dangin amarya ya cire goro daga baki ya ce, "To, ko cikin mutanen ɓoye kunka ɗauko waliyyin naku?" Dariyar da aka yi har mata suka leƙo ta kan danga. Sani bai yi dariya ba. Dubana kawai ya yi, kuma da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Ni kuwa ban sani ba ko na karya uban Hadiza.

Ina ƙoƙarin tada moton in koma, ya ƙi tashi (shi ma ya ga ya gama nasa tseren), sai ga Habu yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Alhaji na bayansa, ƙafafu a kan mataki, hannu a kan kariya, ya jingina da ƙanƙara. Allah ya taimake ni a rairayi mai laushi ya faɗa, ba abin da ya same shi. Amma farar rigar nan ta koma ruwan ƙasa, hula ta karkace, har a gemu akwai rairayi. Ya sauka, ya kakkaɓe, ya wuce ta gabana kamar turke ya wuce, ya zauna. Aka ɗaura aure.

Bayan an shafa fatiha na so in sulale, sai Alhaji ya yafito ni. Na durƙusa a gabansa, jama'a ba su watse ba.

"An ce mini kai ka zo na ɗaya."

Na sunkuyar da kai.

"Madalla. Ka yar da uba ba ka waiga ba. In na ba ka ɗiya, wane gulbi zan tahi nemanta?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da ƙasa ta tsage da na shige na ja ta na rufe.

Washegari na tura moton wurin Ilu. Bai tambaye ni komai ba, ya shiga ciki ya jawo buhun nan. Aka mayar da kariya, madubai, soso, salansa, da matakai. Na daɗe ina zarya Gazawa da tafiyar jaki mai ƙoshi, ina gaisuwa ina dawowa, Hadiza kuma ta yi wata guda ba ta ɗaga wayata. Ranar da Alhaji ya sauko, sai da ya fito ƙofar gida ya taka matakin bayan nan da ƙafarsa, ya girgiza kariyar da hannu, sannan ya ce in turo manyana.

Daga baya na sake kallon bidiyon. Na kalle shi ya fi a ƙirga a da, na san kowace shekara da Tsohon Soja ya ci da wadda ya faɗi, amma sai ranar na lura da abin da ke gabana tun farko. Kujera ɗaya gare shi. Duk kayan da aka cire masa, ba wanda ke zaune a kansu. Abin da na koya ke nan: kafin ka kwaikwayi mai gudu, ka duba ko shi ma yana da suruki a baya.

Har yau in na ratsa kasuwar Gidan Rumji sai wani ya ɗaga murya daga rumfa ya ce, "Alhaji na nan?" Na daina fushi, ɗaga hannu kawai nake yi. Kuma duk ranar da na ɗauko Hadiza muka zo gangaren gulbin nan, ko da ina ganinta a madubi, sai na ce, "Kina nan?"

Sai ta mintsine ni a haƙarƙari ta ce, "Ina nan. Ai ni ba kunyarka nika ji ba. Tuƙa."