Ranar da But ɗin Surukina Ya Ƙi Buɗuwa a Bakin Iyaka

Jama'a, jiya na sha kunyar da ko ruwan rijiya ba zai wanke ta ba, kuma da ƙafata na je na saye ta, har a wata ƙasa.

Kun san halin da ake ciki. Babur ɗina yana layin gidan mai tun makon jiya, gizo-gizo har ya yi saƙa a madubinsa. Masu Girma, Allah ya ja zamaninsu, sun rantse mai na nan jibge, mu ne muka cika gaggawa. Ni dai na yarda. Wa ya isa ya ƙaryata wanda bai taɓa tsayuwa a layi ba?

Maƙwabcina mai faci ne ya ɗora ni a keken ɓera. Ya ce, "Malam, kai da kake rubutu a jarida ba ka san man ya yi hijira ba? Tsallaka iyaka ka gani. A bakin titi ake sayar da shi, har sannu da zuwa ake yi maka."

Na ce, "Da ƙafa zan je?"

"Surukinka ba shi da mota?"

Yana da ita. Tsohon hedimasta ne, wanda ba ya gama gaisuwa bai yi huɗubar kishin ƙasa ba. In an ambaci 'yan fasa-ƙwauri sai ya tofar da yawu. Tun da na auri 'yarsa ko allura bai taɓa ara mini ba, motar kuwa ita yake fara gogewa kafin ya gaisa da iyali. Na durƙusa na ce zan kai 'yarsa asibiti, alhali na baro ta tana wanki, lafiyarta ƙalau. Ya miƙo makulli ya ce, "Daga asibiti sai gida. Kuma kada ka taɓa but ɗin motar." Ban tsaya na tambayi kaina ba yadda aka yi tankinsa ke da mai a wannan marra. Na loda galan biyu a kujerar baya na kama hanya.

Iyakar nan da kuke ji, igiya ce da tsummoki, sai benci a gindin bishiya. A bencin Mai Girma Sarkin Igiya na kwance, hula a fuska, yana tsaron ƙasa da minshari. A bakin igiyar kuma akwai sabon Wakilinsa, kakinsa ko karin guga bai sake ba. Ina kallo tankokin mai suka wuce a jere, ya sauke igiya ya sara musu. Da ya hango ni sai ya tuna da doka.

"Faka! Motar wa?"

"Ta surukina ce, ranka ya daɗe."

"Ina surukin?"

"Yana gida."

"Ka taɓa ganin mota ta fita daga ƙasa ba da sanin ubanta ba? Ina shaidar surukinka ne? Buɗe but."

Na murɗa makulli, na ja, na danna, na karanta duk addu'ar da na sani. But ya ce bai san ni ba. Wakili ya nuna mini wani fili inda motoci ke jibge, ciyawa ta fito ta tagoginsu, ya ce in ban buɗe ba a nan za ta yi ritaya ita ma. In motar ta kwana, aurena ne ya kwana.

Wakili ya ce, "Kira mai ita. A buɗe murya kowa ya ji."

Na kira. "Baba, barka da rana."

"Yauwa. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi. Baba, dama... yaya ake buɗe but?"

Ya ce, "Wane likita ne yake son ganin but?"

Wakili ya fizge wayar. "Tsoho, nan bakin iyaka ne!"

"Bakin me?"

Wannan tsawar ce ta tayar da Sarkin Igiya. Ya cire hula daga fuska, ya dubi motar, ya washe baki. "Kai, ba muryar Baba Hedimasta ba ce? Ranka ya daɗe, mun ji ka shiru wannan makon, har muna cewa ko lafiya!" Ya tako ya ɗora gwiwa a gefen lambar motar, ya buga da tafin hannu, but ya wangale. Jarkoki ne jere kamar 'yan makaranta a layin safe, ga tiyo, ga mazurari.

Baba ya yi tari mai tsawo, ya ce a ba ni wayar.

"Tunda ka riga ka je, ka ciko su duka. Wajen mai jar laima, shi ba ya haɗawa da kananzir. Kuma surukarka ba sai ta ji ba."

Da yamma na durƙusa na miƙa makulli, ba wanda ya kalli idon wani. Surukata na shanya a tsakar gida, don haka Baba ya ɗaga murya. "Me likita ya ce?"

Na ce, "Ya ce a riƙa zuwa duk mako."

Ya gyaɗa kai. "To, a kiyaye maganar likita."

Saboda haka ina neman afuwar Masu Girma. Gaskiya suka faɗa, mai na nan jibge. Mu ne dai gaggawa ta hana mu tambayar a wace ƙasa.