Rasuwar Mai Gani, Na'urar Hoton Cikinmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushi ya hana ta hucewa, ni Hajiya Kudirat, mai gidan haihuwa a Funtua, nake sanar da rasuwar na'urarmu ta hoton ciki, wadda mata suka yi wa laƙabi da Mai Gani. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara tara tana aiki ba ƙorafi.

Marigayiya ba ta cikin masu nuna inuwa-inuwa. Takan fito da jariri sak, hanci da leɓe da kumatu, kamar ka miƙa hannu ka shafa. Ita ta ga cibiya ta naɗe wuyan ɗan Hansai, aka ciro shi da rai. Yau yana aji biyu. In an kunna ta takan ce "tit, tit", sannan ta saki bugun zuciyar ɗan tayi, "fat-fat-fat", uwa ta share hawaye.

Ciwonta ɗan dishi-dishi ne a gefen hoto, irin na tsufa. Sai ga Mahadi, mijin ƙanwata, mai gyaran waya, wanda ya naɗa wa kansa rawanin injiniya. Ya rantse zai wanke hoton har a ƙirga gashin ido. Sau biyu ina hana shi. Ranar da na tafi biki Malumfashi ya kwance cikinta, ya ɗura mata manhajar da ya tsinto a intanet. Jaririn farko da ta nuna bayan nan ya fito kamar curin fura da aka taka. Na biyu bai fito ba. Ta yi "ƙirrr" sau ɗaya, allo ya yi baƙi. Mai gyara na gaskiya ya zo daga Kaduna, ya duba, ya girgiza kai.

Ta bar gadon awo da injin buga hoto cikin maraici, da mata goma sha bakwai masu jira. Cikinsu akwai Shafa'atu, mai cikin wata takwas, wadda ba mu san ko ɗanta a zaune yake ba. Gobe za ta sha gargadar hanyar Zariya neman hoton ciki saboda karambanin wani.

Za a kai marigayiya makwancinta, wato sito na bayan gida, ranar Asabar bayan Azahar. Ana karɓar gaisuwa daga kowa ban da mutum ɗaya. Shi an keɓe masa aikinsa: zai ɗauki gawar shi kaɗai, kilo tamanin ce, kuma sai an zaga da ita ta ƙofar shagonsa.